Darussan da haɗa ruwan azurfa da lantarki ke koyarwa: ayon daban, ƙwaya daban

Darasin da ya fi wahalar shiga kan mai koyo shi ne, lantarki yana ƙayyade yawan azurfar da ke barin sandar azurfa da aka tsoma a ruwa, amma ba shi kaɗai ke ƙayyade siffar da za ta zauna da ita a ruwa ba. Ayon na azurfa atam ne guda da ya rasa ilektiron ɗaya, a narke yake kamar gishiri. Ƙwaya kuwa dunƙulen ƙarfe ne na dubban atam, mai faɗin 'yan nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), tana yawo ba ta narke ba.

In aka tsoma sandunan azurfa biyu cikin ruwan da aka tace ta tururi, aka haɗa su da ƙaramin lantarki mai tafiya hanya ɗaya, ayon ne galibi ke fitowa. Lissafin Faraday ya ba da miligiram 1.118 na azurfa a kowane kulom, ma'aunin yawan lantarkin da ya gudana. Wato miliyamfa ɗaya cikin awa ɗaya zai sako kusan miligiram 4. Sai dai ba duka ke zama a ruwan ba. A sandar nagatib ana samun kumfar haidurojin da haiduroksayid, wasu ayon ɗin kuma su manne mata su zama gashin toka-toka. Inda ayon ya gamu da haiduroksayid sai a sami oksayid na azurfa, wannan baƙin dattin da ke rufe sanda.

Nan aiki ke lalacewa. Tsantsar ruwa ba ya ɗaukar lantarki sosai, to da farko kamar ba abin da ke faruwa. Da ayon sun taru, ruwan ya ƙara ɗauka, lantarkin ya hau, sai ka ga wani hayaƙi-hayaƙi yana zuba daga sanda zuwa gindin kwalba. Maganinsa a ɗaure ƙarfin lantarkin da ke gudana, a riƙa motsa ruwan, a yi amfani da sanda mai faɗi. Zuba gishiri don a hanzarta kuwa kuskure ne babba: kulorayid na azurfa ake samu, farin gari wanda abin da ke narkewa daga cikinsa bai kai miligiram 2 a lita ba.

Hanyar tayar da tartsatsin lantarki tsakanin sanduna, wadda masanin sinadarai Bredig ya bayyana a 1898, daban take. Zafin tartsatsin ke mai da ƙarfen tururi, ruwa ya sanyaya shi ya zama ƙwayoyi, amma girmansu ba ɗaya ba. In tartsatsin ya tashi cikin iska, naitirojin da iskar oksijin kan haɗu, ruwan ya yi tsami, a sami naitiret na azurfa.

Na'urar auna TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, ayon kawai take ji, ƙwaya ba ta san da ita ba, kuma da wani gishirin aka saita ta. Launin rawaya alamar ƙananan ƙwayoyi ce, domin suna shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 400. Hasken lesa na nuna akwai ƙwaya, ba ya faɗin yawanta. Sahihin awo sai a auna jimillar azurfa, a tace ƙwayoyin, a sake aunawa.

Duk wannan aikin ɗakin gwaji ne, kada a ɗauke shi izinin sha. Azurfa na taruwa a jiki ta mai da fata shuɗi-toka, launin da ba ya gogewa, kuma tun 1999 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba a tabbatar da amfaninta ko amincinta a matsayin magani ba.