Idon zafi ya makance da bazara, ga yadda na shawo kan ƙararrawar zaurena

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdu lillahi, ƙararrawar zaure ta zauna. Tun shigowar bazara nake fama da ita, yanzu kuwa ko da wane lokaci mutum ya ratsa zauren sai jiniya ta tashi, kuma ta daina tayar da maƙwabta a banza. Farin cikin bai bar ni na yi shiru ba, musamman da na ga da yawa cikinmu a nan Damagaram suna shirin sayen irin kayan da suka ba ni wahala.

Masu tambayata wace ƙararrawa za su zaɓa don ta yi magana da Home Assistant, manhajar da ke haɗa na'urorin gida wuri ɗaya ta sarrafa su, amsata ba ta sauya ba. Ku nemi akwati mai waya, mai batirinsa na bolt 12, mai gurbin SIM da zai kira ku kai tsaye. Akwatin shi ne mai gadi, Raspberry Pi, ƴar ƙaramar kwamfutar da Home Assistant ke zaune a ciki, ɗan kallo ne da ke rubuta abin da ya faru, ya kunna fitila, ya aiko saƙo. In Pi ya mutu, jiniya ta yi aikinta. Waɗannan ƙananan akwatuna masu kyan gani da sai sun je intanet sun dawo kafin su sanar da kai an buɗe ƙofarka, ba na gidajenmu ba ne. Duk wanda ya zauna garin nan a watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, ya san abin da nake nufi: wuta ta tafi, rezo ya bi ta, kayan da suka dogara da su duka suka zama ado. Na'urorin Zigbee ma, waɗanda ke magana da juna ba waya, ban ɗora musu tsaron gida ba, domin soket-soket ɗin da ke miƙa saƙo tsakaninsu wutar gari suke ci, da an ɗauke sai ƙananan masu batir su rasa hanyar komawa. Nawa akwatin na hannu ne, mai layi 8 na haɗa na'urorin tsaro, jika 45 na sefa na biya, na ji a jikina amma ban yi da-na-sani ba. Na ɗauki yanayinsa zuwa ESP32, wani ɗan allo mai wifi da ke kai saƙo ga Pi, ɗaurewa da kwancewa kuma ta layin makulli. Wannan duk kun san shi, ba shi ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni idon zafi ne, wato na'urar PIR mai gane motsin mutum ta zafin jikinsa, wanda ke kusurwar zaure yana tsaron babur da ƙofar ɗakin ajiya.

Duk tsawon hunturu ba shi da laifi. Tun daga bakin ƙofa yake cafke mutum. Da Afrilu ya kama sai na lura fitilar zaure, wadda na haɗa da shi, ba ta kunnawa in na dawo daga sallar isha'i. Sai na kai tsakiyar zauren, wani lokaci sai na ɗaga hannu a gabansa. Da rana tsaka kuwa, lokacin da garin ya haura digiri 40, yana ganina. Wannan shi ya ɗaure mini kai. In zafi ne ke damunsa, me ya sa yake gani da azahar ya makance da dare? Na goge ƙurar da hunturu ya bari a murfinsa. Na auna wutar da ke isa gare shi, 12 cif har da ɗoriya. Na sake waya. Na sayo wasu guda 2 masu tsada, jika 9 kowanne, waɗanda aka rubuta a kwalinsu cewa suna gyara kansu daidai da zafin ɗaki. Wannan kuɗin har yau yana ci mini rai, domin abin da suka ƙara kawai shi ne kuka ba dalili duk lokacin da iska mai zafi ta buso ta ƙarƙashin ƙofa, makantar dare kuwa ta ragu kaɗan ne kawai.

A nan ne haɗa ƙararrawa da Home Assistant ya biya kuɗinsa. Na manna ma'aunin zafi na DS18B20 a jikin bangon da idon ke kallo, na rufe bayansa da ɗan soso don ya ji bango ba iska ba, na ce wa ƙanena duk lokacin da ya shiga zaure ya yi tafiyarsa yadda ya saba, kada ya tsaya. Maganaɗisun da ke jin buɗewar ƙofa yana rubuta lokacin shiga, idon yana rubuta lokacin da ya gani. Da na ɗora zanen biyu a kan na zafin bango, sai magana ta fito fili. In bango yana ƙasa da digiri 30, gani nan take. In ya haura 38, yana gani, ko da ba da kaifin hunturu ba. Tsakanin 32 da 36 ne yake makancewa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne in aka tuna yadda abin ke aiki. Idon nan bambanci yake gani tsakanin zafin abin da ke wucewa da zafin abin da ke bayansa. A cikinsa akwai ƴan ƙwayoyi 2 masu jin zafi, murfin farin nan mai tsaga-tsaga kuma yana yanka ɗakin gida-gida, sai jiki mai ɗumi ya tsallaka daga wani gida zuwa wani sannan ɗaya ƙwayar ta ji abin da ɗayar ba ta ji ba. To fatar mutum daga waje wajen digiri 33 zuwa 34 take, riga kuma tana bin zafin ɗaki. In bango ya kai nan, mutum ya saje da shi, kamar farin rago a jikin farin bango. Da azahar bango ya fi mutum zafi, sai idon ya ga wani abu mai sanyi-sanyi yana wucewa, shi ya sa yake kamawa. Da dare kuwa, ginin bulo mai rufin kwano irin na zaurena yana sakin zafinsa a hankali, yana ratsa 36, 35, 34, ya daɗe a nan tun bayan isha'i har tsakar dare ta gota. Wato daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Kuma ku duba yadda muke kwana da bazara. Kowa ya fito tsakar gida da tabarmarsa da gidan sauronsa, ɗakuna a buɗe, ba kowa a ciki. Tsarin dare da masu ƙera kayan nan suka tanada yana ɗauka mutane na cikin ɗaki, waje ne babu kowa. Namu akasin haka ne. Na buɗe wani tsari daban a Alarmo, manhajar ƙararrawa da ake ƙarawa a Home Assistant, na sa masa suna kwanan waje: tsakar gida a sake, zaure da ɗakin ajiya a ɗaure. Ke nan a watannin nan duk nauyin gidan yana kan idon zaure, shi kuma ga halin da yake ciki. Ranar da na fahimci haka barci bai yi mini daɗi ba.

Sai na koma ga rada. LD2410 na Hi-Link, ɗan ƙaramin allo mai aiki a 24 GHz, wanda ba ruwansa da zafin bango, motsi yake ji, har numfashin wanda ya tsaya cak. Shi kansa ba tsada, kuɗin kawo shi daga Kano ya fi kuɗinsa. ESPHome, manhajar da ake ɗora wa ESP32, ya san shi, sai dai ku tuna saurin UART ɗinsa, wato layin da yake magana da ESP32, a 256000 yake, kuma ku ba shi bolt 5 mai tsabta, kada ku jingina shi da ƙafar 3.3 ta ESP32. Daren farko ya ga ƙanena tun kafin ya gama turo ƙofa. Na yi murna. Sai kuma ya fara nuna nasa halin.

Na farko fanka ce. An ɗauke wuta da yamma, aka bar makunnin fankar zaure a kunne, aka dawo da wuta cikin dare, fanka ta juya, jiniya ta tashi. Hajiya ta firgita, Malam maƙwabcinmu ya fito da tocila yana tambaya ko lafiya. Washegari na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Allah ya tsare, amma ƙararrawar da ke yawan ƙarya ranar gaskiya ba wanda zai leƙo. Wannan maganinsa bai yi wuya ba. Na sa wa fankar rile, wato makunni mai kunnawa da kashewa da umarni, na saita shi in wuta ta dawo ya tashi a kashe, kuma da an ɗaure ƙararrawa yana yanke ta.

Na biyun shi ya ci mini lokaci. Iskar da ke zuwa gaban hadari tana girgiza ƙofar ƙarfe, ƙarfe kuwa ba abin da ya kai shi mayar wa rada da amsa. Girgizar da ido ba ya ma gani, shi a wurinsa mutum ne ke rawa. Rage masa ji gaba ɗaya ba mafita ba ce, domin sai ya koma irin makahon da na gudo daga gare shi. Abin da ya cece ni shi ne yadda LD2410 ke raba gabansa zango-zango, daga 0 zuwa 8, kowane zango santimita 75, jimla mita 6, kuma kowanne da nasa ma'aunin daga 0 zuwa 100, na motsi daban, na tsayuwa daban. Yadda yake fitowa daga kamfani, zangunan nesa a kan 15 suke, wato abu kaɗan ya ishe su. Ƙofata tana wajen mita 4 daga inda na kafa shi, ta faɗa zango na 5.

Ku kunna yanayin injiniya, ina roƙonku, kada ku yi ta canki-canki. Yana nuna ƙarfin abin da kowane zango ke ji a kowane lokaci, Home Assistant kuma ya ajiye muku. Na bar zauren ba kowa na jira iska. Da ta zo, zango na 5 ya yi ta tsalle tsakanin 20 da 30, sauran suna kwance, in ban da na 6 da ke ɗan amsawa. Sannan na sa ƙanena ya shiga a hankali, da sanɗa, da rarrafe, da jingina da bango. Ko a rarrafe zango na 5 yana haura 50, na 3 da na 4 kuwa suna cika. Tazarar da ke tsakanin 30 da 50 ita ce duk abin da nake nema. Na sa ma'aunin zango na 5 a 40, na datse iyakar gani a nan don kada ya leƙa abin da ke bayansa, na karkatar da allon ƙasa kaɗan don ya bar kallon kwanon rufi, wanda shi ma yana motsi in iska ta yi ƙarfi. Mai walda ya ƙara wa ƙofar sakata a ƙasa, na cusa guntun tayar babur tsakaninta da firam. Girgizar ta ragu da kanta, zango na 5 ya sauko ƙasa da 20 ko da iska.

Ga dokar da na tsaya a kanta. In bango yana ƙasa da 31 ko sama da 37, sai idon zafi da rada sun yarda su biyu kafin layin ya buɗe, wanda hakan ya kashe kusan duk kukan ƙarya, har da na ƙadangarun da ke bin bango. In bango yana tsakanin 31 da 37, rada kaɗai ya isa, amma sai motsin ya ɗore daƙiƙa 3 kuma a zango biyu maƙwabtan juna. Na rubuta wannan a cikin ESP32 ɗin kansa, ba a Pi ba, yana riƙe da ɗan rile da ke shiga layi na 2 na akwatin da resistansa ta ƙarshen layi yadda aka saba. Shi da radar suna cin wuta daga batirin akwatin ta LM2596, mai sauko da bolt 12 zuwa 5. Na zare wayar Pi, na kashe wifi, na sauke babban makunnin gida, na shiga zauren da ƙarfe 11 na dare bango yana 34. Ban kai ga babur ba jiniya ta tashi, wayata ta yi ƙara a aljihu. Wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba a wannan aiki.

Wani ya ba ni shawarar in haɗa da lokutan salla da ke cikin Home Assistant, ƙararrawa ta kwance kanta da asuba don masu fita masallaci. Ban yarda ba. Lokacin da duk gari ya sani bai kamata ya zama lokacin da gida ke buɗe ba. Na dai sa maɓalli daga cikin tsakar gida da ke ba da daƙiƙa 60 a fita, ta mayar da kanta.

Abin da ya rage mini yanzu batir ne. Na 7Ah da ke cikin akwatin ya kumbura, jika 12 sabo yake a lokacin, ga shi rada da ESP32 sun ƙara masa kaya. Batirin dalma irin wannan a digiri 25 ake lissafa rayuwarsa, duk ƙarin wajen digiri 10 kuma yana raba ta biyu, to ku lissafa abin da zaure mai kwana a 35 zai yi masa. Ina shirin fitar da shi daga akwatin in kai shi tsohon ɗakin ƙasa na Hajiya, wanda ya fi ko'ina sanyi a gidan, in jawo waya mai kauri. Wanda kuma a cikinku ya kafa LD2410 a ƙarƙashin kwano marar silin, don Allah ya turo mini abin da zangunansa ke nunawa in ruwa na dukan rufi, domin damina ta ƙarato kuma lambobina duka na iska ne.