Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Minsharin Baban Yara da Atisayen Harshe

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya na tsaya a inda Allah ya kiyaye Baban yara a hanyar Zariya, lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke shi da rana tsaka yana tuƙi mota cike da fasinja, sai salatin wata baiwar Allah da ke zaune a gaba ya farkar da shi, taya ta riga ta fara sauka daga kwalta wajen Maraban Jos. Da ya dawo gida ya ba ni labari jikina har rawa yake, domin ni na san abin da nake gani da dare wanda shi bai sani ba.

Minshari dai ba baƙon abu ba ne a ɗakina, tun ina amarya yake yi, kuma a gidanmu na haya a Tudun Wada babu maƙocin da bai san shi da shi ba. Amma 'yan shekarun nan da ya ƙara jiki, wuya ya yi kauri, abin ya canza salo. Zai yi ta ja yana ja, sai kawai ki ji ɗif, shiru, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka amma iska ba ta shiga, ni kuma ina zaune a duhu ina kallonsa zuciyata na bugawa, can sai ya ja wani irin numfashi da ƙarfi yana kakari ya juya ya ci gaba da barcinsa. Da asuba ya tashi da ciwon kai, baki a bushe ƙamas, ga tashi fitsari cikin dare ba iyaka, ga hawan jini da ya ƙi jin magani. Wasu suka ce gajiyar hanya ce, wasu suka ce dannau ne a nemi addu'a, addu'a kam mun yi kuma muna kan yi. Yayata da take aikin nas ce ta ce min, ke ƙanwata ɗauki wayarki ki naɗe shi yana barci ku kai wa likitan hanci da maƙogwaro, tunda Allah ya sa a nan Kaduna muke da cibiyar tarayya ta kunne da hanci da maƙogwaro, wadda kowa ke ce wa Ear Care.

Da likita ya saurari abin da na naɗa bai ɓata lokaci ba, ya sa shi ya buɗe baki ya haska, ya auna wuyansa, sannan ya zauna ya yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa mata a gidan biki. Ya ce Malam, harshen da kake gani a madubi kansa ne kawai, tushensa ya gangara har cikin maƙogwaro, kuma tsokoki 8 ne suka haɗu suka yi shi, babba a cikinsu tana manne da ƙashin haɓa ta ciki, aikinta ta riƙa jan harshe gaba don hanyar iska ta zauna a buɗe. Idan mutum ya yi barci tsokoki na saki, to wanda hanyar tasa dama ƙunƙuntacciya ce, ko kitse ya taru a wuya da harshen, ko tsokar ta yi laushi, sai harshe ya zame baya musamman in an kwanta rigingine. Iska tana kutsawa da ƙyar, naman hanɗa da beli suna kaɗawa, wannan shi ne minshari. In kuma hanyar ta rufe gaba ɗaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya farka na ɗan lokacin da shi kansa ba zai tuna ba, zuciya ta buga da ƙarfi jini ya hau, a haka za a yi ta yi har gari ya waye. Shi ya sa mutum zai kwana a gado amma ya tashi bai yi barci ba.

Aka tura mu Abuja gwajin barci, muka bi jirgin ƙasa daga Rigasa. Yadda ake lissafin shi ne sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a awa ɗaya, daga 5 zuwa 15 ƙarami ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Nasa ya faɗa matsakaici.

Maganin da ya fi kowanne aiki wata na'ura ce da ake kira CPAP, wani likita Colin Sullivan ya fito da ita a birnin Sidni na Ostiraliya a 1981, tana hura iska ta hanci duk dare don kar maƙogwaro ya rufe. Likita bai ɓoye mana ba ya ce ita ya fi so ya yi amfani da ita. To amma kuɗinta da dala ake lissafawa, kuma wuta take so daga kwanciya har asuba, ku da kuke Kaduna kun san yadda muke da NEPA, sannan mutumin da wani lokaci a tashar Kano yake kwana ina zai jona ta. Sai ya ce mu fara tara kuɗin kar mu cire rai, kafin nan a rage ƙiba, a daina kwanciya rigingine a koma ta gefe, wanda dama kwanciya a ɓarin dama ita Sunna ta koyar da mu, a yi maganin toshewar hancin da hazo da ƙurar hunturu ke jawo masa, ya ajiye tuƙin nesa tukuna. Na ƙarshe ya haɗa mu da wata Hajiya da ke koya wa masu shanyewar ɓarin jiki magana da haɗiya, ya ce za ta koya masa atisayen harshe da maƙogwaro.

Tambayar farko da Hajiyar ta yi mana ita zan yi muku: yanzu da kike karanta wannan, ina harshenki yake zaune? Ta ce mazauninsa na asali sama ne, kan harshe ya taɓa hanƙa, wato ɗan tudun nan da ke bayan haƙoran sama na gaba ba tare da ya tura haƙoran ba, sauran jikinsa ya kwanta a ganɗa, leɓɓa a rufe, haƙoran sama da na ƙasa kar su haɗu, numfashi ta hanci. Na Baban yara a ƙasa yake kwance baki a ɗan buɗe, shekara da shekaru. Ta ce hanci yana tace ƙura, yana ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu, baki kuwa ba ya yin su yadda hanci ke yi, sannan da zarar baki ya buɗe haɓa kan yi ƙasa ta ja harshe baya.

Daga nan ta ɗauko madubi ta fara. Ya manna kan harshe a hanƙa ya riƙa jan shi baya a hankali. Ya tsotse harshen gaba ɗaya ya manne a ganɗa ya riƙe. Ya sa kan harshe a bayan haƙoran ƙasa ya danna bayansa ƙasa. Ya buɗe baki ya riƙa cewa aaa a guntu-guntu sannan a dogo don naman hanɗa ya ɗaga, ya sa yatsa mai tsabta cikin kumatu ya tura waje shi kuma ya matse da tsokar kumatun, ya shaƙi iska ta hanci ya hura balo-balo, in ya zo cin abinci ya tauna da ɓangarori biyu baki a rufe. A mota muna komawa ya ce min, Maman yara yanzu ni da furfurata zan zauna ina wasa da harshe gaban madubi yara na kallona? Na ce Baban yara ai da ranka aka samu furfurar. Abin da ya saukar masa da zuciya shi da kansa ya gano, ya ce ashe irin abin da malaminsu na Islamiyya ke sa su yi ne a darasin makhariji, inda za a ce ƙaf daga can ƙarshen harshe take fita, a yi ta maimaitawa har wurin ya saba. Tun daga nan ya haɗa atisayen da lokutan salla, bayan asuba da la'asar da isha'i, don kar ya manta.

Ni mutum ce mai son sanin tushen abu, balle abin da ya shafi ran uban 'ya'yana, na yi ta tambayar Yaya tana nemo min. A 2009 wasu likitoci a birnin Sawo Fawulo na Birazil sun gwada irin wannan atisaye da mutum 31 masu matsakaicin ciwon, aka raba su biyu, waɗanda suka yi na gaske kusan minti 30 kullum har wata 3 tsayawar numfashinsu ta ragu da kashi 39 cikin 100, har kaurin wuyansu ya ɗan ragu. A 2015 aka tattara bincike da dama aka ce raguwar a manya ta kai wajen rabi. Sai kuma a 2020 ƙungiyar Cochrane da ke tsefe irin waɗannan bincike ta duba guda 9 masu mutum 347, ta ce yana rage jin barci da rana amma hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba, kuma bai kamo na'urar ba. Ni dai fahimtata ita ce abu ne na gaske mai taimako, kyauta ne, ba ya cin wuta, amma mutum 31 ba su da yawa, kuma rage kashi 39 ba warkewa ba ce. Wanda nasa ya yi tsanani ya tsaya ga atisaye kaɗai wallahi yana wasa da zuciyarsa da rayukan mutanen da ya ɗauko a mota.

A ɗakina ma haka na gani. Makonnin farko babu wani canji sai gajiyar harshe da yake ƙorafi, daga baya minsharin ya sassauta, shirun nan mai tsoratar da ni ya ragu amma bai ɓace ba, ciwon kan safe ya yi sauƙi. Da hidimar babbar salla ta zo ya yi watsi da shi, ba a daɗe ba minshari ya dawo, domin tsoka ce, in ka bar ta sai ta koma gidan jiya. Yanzu ya ci gaba, ni kuma na shiga adashi saboda na'urar da ƙaramin sola.

Ni ma na tsinci nawa a ciki, don na daɗe ina fama da ciwo a gaban kunne, wurin mahaɗin muƙamuƙi, in na yi hamma har ƙas yake yi. Hajiyar ta lura cewa ina datse haƙora in na duƙufa kan keken ɗinki, ta ce haƙora ba sa haɗuwa sai wajen tauna da haɗiya, in na ji na datse in mayar da harshe sama in saki muƙamuƙi. Ciwon ya ragu sosai.

Dan Allah iyaye ku lura da abin da samarinku ke gani a TikTok, wanda suke kira mewing, wai manna harshe a ganɗa zai fito wa babban mutum da haɓa ya gyara fuska. Ƙungiyar likitocin jera haƙora ta Amurka ta ce babu hujjar kimiyya a kan haka. Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne masu liƙe baki da salatif su kwanta, in hancin mutum a toshe yake ko yana da irin ciwon Baban yara ka rufe masa baki ta ina zai shaƙi iska?

Ana cikin haka ne idona ya buɗe a kan autana. Yaron nan bakinsa ba ya rufuwa, in ya kwanta miyau ya jiƙa filo, yana minshari ƙaramin yaro da shi, yana juye-juye, har yanzu yana fitsarin kwance, malamarsu kuma kullum cewa take ba ya natsuwa a aji. Kakarsa, Hajiyar Baban yara, in ta gan shi sai ta ɗan bugi bakin ta ce rufe kar ƙuda ya faɗa, ya rufe, kafin ta juya ya sake buɗewa. Da muka kai shi likita ya ce ba sakarci ba ne, wani nama ne a bayan hanci da ake kira adinoyid ya kumbura haɗe da tonsil, wato naman nan biyu na gefen maƙogwaro, su ne kan gaba wajen toshe wa yara numfashi a barci, yaron bakin ne kawai hanyarsa. Ya ce a yara abin ya wuce barci, saboda ƙashin fuska yana kan girma, kuma ganɗar baki ita ce daɓen hanci, in harshe ba ya zama a sama ganɗa kan iya tsukewa ta yi zurfi, haƙora su cunkushe, fuska ta yi tsawo. Har ya ba mu labarin wani masani Egil Harvold da ya toshe wa ƙananan birai hanci a Kalifoniya, suka koma numfashi ta baki, da suka girma muƙamuƙinsu da jerin haƙoransu suka sauya. Na tambaye shi ko in fara koya masa atisayen babansa, ya ce Hajiya sai an buɗe hanci tukuna, a gwada maganin fesawa, in bai yi ba tiyata ce, bayan nan ne atisaye zai yi amfani don ya saba rufe baki.

Da maganar tiyata ta kai kunnen Hajiyar Baban yara a Rigasa sai ga ta da sassafe, ko zama ba ta yi ba ta ce ba za a yanka mata jika a asibiti ba, beli ne kawai ya sauko, wanzaminsu zai cire shi cikin minti ɗaya yadda aka yi wa ubansa yana jariri. Na durƙusa na ce Hajiya ku yi haƙuri, likita ya ce naman da ya toshe ɗin yana can sama bayan hanci inda askar wanzami ba ta kaiwa, kuma akwai haɗarin zubar jini da shigar cuta. Ta kalle ni ta kalli ɗanta, ta ce shi ya ba ta amsa. Abin da Baban yara ya faɗa mata, da yadda aka kwana a gidan ranar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.