Darasina na farko: Ctrl da Z

In na karɓi sabon aji yanzu, ba na farawa da tambayar mene ne kwamfuta. Na gaji da ganin yaro ya haddace amsar tsaf, amma da an zaunar da shi gaban na'urar sai jikinsa ya mutu.

Bara akwai wata yarinya 'yar shekara 12 a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai. Ranar da na buɗe mata Word, manhajar rubutu a kwamfuta, ta ɗora hannuwa a cinya ta ƙi taɓa komai. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce, "Malam, kar in lalata." Na ce ta rubuta sunanta kawai. Ta yi ta laluben haruffa da yatsa ɗaya har ta gama, ni kuwa na miƙa hannu na goge shi. Idonta ya ciko da ƙwalla. Sai na ce ta danne maɓallin Ctrl ta taɓa Z. Suna ya dawo. Ta dube ni, ta dubi allon, ta goge da kanta ta sake dawo da shi, ya fi sau biyar. Tun daga ranar ba ta ƙara ɓoye hannu ba.

Sai tsoron ya fita nake shiga sauran. Ina sa su rufe ido su shafa F da J su ji ɗan tudun da ke kansu, nan ne mazaunin manuniya biyu. Kullum sai wani ya tambaya me ya hana a jera haruffan daga A, in ba su labarin cewa wannan jerin haruffan, da ake kira QWERTY, gadon keken rubutu ne tun shekarun 1870.

Mutane kan ce yaran yanzu ai da waya aka haife su, sun iya komai. Ban yarda ba. Wanda ya fi kowa saurin latsa waya shi ne zai adana aikinsa, gobe ya rasa foldar da ya saka shi. Wannan sai an koyar, a zaune, da haƙuri.

A Excel kuwa, manhajar lissafi, makinsu nake ba su. Su rubuta =SUM, umarnin tara lambobi, su tara, sannan in ce a canza lamba ɗaya. Jimilla ta sauya da kanta, ajin ya kaure da hayaniya. Makon jiya yarinyar nan na hango ta sunkuya kan ƙawarta tana ce mata, "Kin manta alamar daidai a farko."