Daga Tsibirin Ellis zuwa Bronx, a sawun wata kaka 'yar Sisili

A kakar bara na raka wata dattijuwa, maƙwabciyata a garin da nake karatu a Amurka, zuwa birnin New York, domin ta daɗe tana son ta taka wuraren da kakarta ta wajen uwa ta bi bayan ta baro tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Farko. Wannan kaka ce ta raine ta, kuma tun da muka saba da dattijuwar, da wuya mu zauna hira ba ta ambace ta ba.

Da sassafe muka shiga jirgin fito a Battery Park muka nufi Tsibirin Ellis, inda aka tantance baƙi masu ƙaura zuwa Amurka fiye da miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954. Ginin ya zama gidan adana kayan tarihi tun 1990. Mun hau bene zuwa babban zauren rajista, inda ake nuna yadda likitoci suke zuba wa baƙi ido tun suna hawa matakala, su shata alama da alli a rigar duk wanda suka ga yana ɗingishi ko haki, sannan su ɗage fatar idon mutum da ɗan ƙugiya don neman amosanin ido. Kusan kashi 2 cikin 100 ne aka mayar ƙasashensu. Macen da ta zo ita kaɗai kuwa ba a sakinta sai wani namiji daga danginta ya zo ya karɓe ta, kuma haka aka tsare kakar har mijinta, wanda ya riga ta zuwa yana aikin leburanci, ya samu labari ya ƙetaro ruwa.

A sashen binciken tarihin iyali muka samo takardar fasinjojin jirgin da ya kawo ta. Layi ɗaya tak ta samu: sunanta, shekarunta, ƙauyensu, ɗan kuɗin da ke hannunta, da sunan mahaifiyarta a gurbin dangin da aka baro gida. Dattijuwar ta ɗora yatsa a kan sunan mahaifiyar ta ce da ni, "'Yata, daga ranar da suka rabu a bakin teku ba su sake ganin juna ba." A 1924 Amurka ta kafa dokar da ta rage adadin Italiyawan da ake karɓa a shekara zuwa ƙasa da 4,000, alhali sama da miliyan 4 sun shiga ƙasar tun daga 1880, yawancinsu talakawan kudu. Ƙofa ta rufu ga waɗanda ke baya, kuɗin komawa ziyara kuma babu shi.

Da rana muka leƙa gidan tarihi da ke lamba 97 a titin Orchard, tsohon gidan haya da aka gina a 1863. Kakar ba ta zauna a cikinsa ba, amma a irinsa ta fara zama: ƙananan ɗakuna uku a jere, ga duhu, ga ƙunci. A kan teburin cin abinci mata irinta suke aikin da ake biya da yawan abin da aka gama, ko haɗa furannin ƙyalle ko ƙarasa ɗinkin riguna, yara na taya su har dare. Ba ta yarda 'ya'yanta mata su shiga masana'anta da ƙuruciya ba, saboda labarin gobarar masana'antar Triangle ta 1911, wadda ta ci rayuka 146, akasari 'yan mata Italiyawa da Yahudawa, bai gushe a bakin mutanen unguwa ba. Ta gwammace ta ninka nata aikin. A ganina, tarihin ƙaura bai yi wa irin waɗannan mata adalci ba, domin ana ƙirga waɗanda suka sauka daga jirgi da waɗanda suka haƙa hanyoyin jirgin ƙasa, amma wahalar da ta hana gidajen nan wargajewa ba ta shiga lissafin kowa ba.

Washegari muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Belmont a Bronx, wata gunduma ta birnin New York, inda iyalin suka koma da suka ɗan samu sarari. Cocin da kakar take zuwa kowace safiya yana nan a titi na 187, kasuwar titin Arthur da magajin gari La Guardia ya buɗe a 1940 ma tana ci, cike da ƙamshin cuku da man zaitun da sabon burodi. Gidansu yanzu wasu ne a ciki, saboda haka daga bakin shinge muka tsaya. Dattijuwar ta nuna mini inda itacen ɓauren kakarta yake a da, wanda duk hunturu take naɗe shi da tsofaffin barguna, ta ɗaure da igiya, ta kifa masa bokiti a ka don kada ƙanƙara ta kashe shi. Ran Lahadi kuwa tun asuba take ɗora miyar tumatir, ta murza taliya da hannu, kuma babu ɗa ko suruki ko jikan da yake da uzurin rashin zuwa. Masu gaba da juna ma sai ta zaunar da su kusa da kusa har su shirya.

Kakar ba ta yi karatu ba, don haka babban ɗanta ne yake rubuta mata wasiƙu zuwa Sisili, ita kuma ta soka kuɗin da ta tara daga ɗinki a ciki. Da mahaifiyarta ta rasu sai ta ci gaba da aika wa ƙannenta, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta riƙa ɗinke tufafi da sukari da gahawa a cikin farin ƙyalle tana kai wa gidan waya. Jikokin waɗannan ƙanne har yau suna zaune a ƙauyen, kuma a jirgin da ya mayar da mu gida dattijuwar ta roƙe ni in taya ta neman tikitin zuwa Palermo, babban birnin Sisili, a intanet, domin ta yanke shawarar kai musu ziyara da bazara tare da babbar 'yarta.