Allurar da Ba Ta da Laifi

A shekarata ta biyu ina koyon gyaran rediyo a wani shago da ke Sabon Gari, wani dattijo daga Fagge ya kawo mana tsohuwar rediyo mai bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin abin da aka kamo, ƙirar Trio ta Japan, samfurin 9R-59 na shekarun 1960. Tana magana, amma allurar da ke nuna ƙarfin tasha ta ƙi wuce S3, wato can ƙasa a ma'aunin da S9 ke nufin tasha mai ƙarfi, ko da an kamo Sashen Hausa na BBC a gajeren zango. Ya ce wa maigidana, "Malam, da allurar nan nake saita tasha tun ina saurayi." Maigida ya turo mini ita.

Nan take na ɗora wa mitar da ke ɗauke da allurar laifi. Na kwance ta, na hure ƙura, na duba ko ɓurɓushin ƙarfe ya manne wa maganaɗisunta, na mayar, amma jiya i yau. Kwana biyu maigida yana kallona bai tanka ba, sai a na uku ya ce, "Yaro, allura shaida ce, abin da aka gaya mata take faɗa. Je ka nemo mai gaya mata."

A ranar na fahimci cewa allurar ba daga eriya take karɓar labari kai tsaye ba. Idan tasha ta shigo da ƙarfi, rediyon kan samar da 'yar wuta da yake mayarwa ga bawul-bawul na farko domin su rage ƙwazo, kada sauti ya fashe, kuma wannan ragewar ita ce allura take nunawa. Layin da wutar ke bi yana ratsa resista, wato 'yan na'urorin da ke rage gudun wuta, masu tsananin turjiya, wajen miliyan guda na om, ma'aunin turjiya, saboda haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya shanye ta. Da na auna layin da mitar zamani mai lambobi, wadda ba ta jan wuta sosai, sai na ga ko tasha ta yi ƙarfi ko ta yi rauni kusan abu ɗaya yake nunawa. Wata kwandansa ta takarda, 'yar na'urar da ke riƙe wuta, wadda ba ta kai ɗan yatsa ba, ita ce ta tsufa take zubar da wutar zuwa ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne alamar tana kunnena tun ranar farko, domin sautin manyan tashoshi yana kakkarcewa, ni kuwa ido na sa wa aikin ban sa kunne ba.

Kafin in ɗora dalma, sai da maigida ya sa na sauke wutar da manyan kwandansa ke riƙewa, domin irin waɗannan rediyo suna aiki da fiye da bolt 200. Na canza kwandansar, na cire eriya, na daidaita allura a sifiri, sannan na mayar. Tana jin BBC ta haura S9.

Washegari da safe kuma na tarar da allurar ta maƙale a tsakiya alhali rediyon yana kashe, gabana ya faɗi. Lokacin hunturu ne, iska ta bushe ƙayau, kuma goge murfin robar mitar da na yi da busasshen tsumma ya tara wutar da ke jan allurar. Maigida ya jiƙa auduga da ruwan sabulu ya shafa sau ɗaya, ta koma mazauninta. Da dattijon ya zo bayan la'asar, na ce, "Baba, bismillah, a gwada." Ya zauna a kan benci yana murɗa maɓalli a hankali, idonsa a kan allura, har ta tsaya inda ta fi tsayi.