Yadda muka raini alimun a kofin Mama

Ƙanwata ce ta dawo daga makaranta da asamen wai kowa ya kawo kiristal (ƙwaya mai fuskoki da kusurwoyi a tsare, irin ta gishiri ko alimun) ɗin da ya haɗa da hannunsa, ta zo tana min magiya "Yaya don Allah ka taimaka min", ni kuma don kar a ce ban iya ba na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Da gishiri muka fara. Na tafasa ruwa ina ta zubawa ina juyawa, ashe shi gishiri zafi bai dame shi ba, wajen giram 36 ne ke narkewa a ruwa mililita 100, ko ka tafasa ɗan kaɗan zai ƙaru, sauran ya kwanta a ƙasa abinsa. Na tsiyaye a faranti na ajiye bakin taga, ga shi lokacin hunturu ne iska a bushe. Bayan kwana biyu na ga ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu kamar ɗan ludo, amma da na matso da kyamarar waya sai na ga wasu tsakiyarsu a rame take, matattakala-matattakala tana gangarawa ciki kamar an haƙa da gangan. Wallahi na ɗauka lalacewa suka yi har na kusa zubarwa. Ashe sauri ne, in ruwa yana bushewa da wuri gefuna da kusurwoyi su suka fi samun gishirin da ke mannewa, sai su yi gaba su bar tsakiyar a baya.

Alimun ne ya ba ni wahala, wannan dai da ake sa wa ruwa ya kwanta. Shi kam yana son ruwan zafi, yana narkewa sosai. Na farko gaggawa ta sa na tura kofin cikin firji, da safe na tarar da tarin tsakuwa sun cure wuri ɗaya ba mai kyan gani ko ɗaya. Na tsinci guda mai ɗan siffa kamar ƙwayar dawa, na ɗaure da zaren ɗinki a tsinken tsintsiya na rataya cikin sabon ruwan alimun a matsayin irin da alimun zai riƙa mannewa ya girma, kuma ban jira ya huce ba, ina kallo iri na ya narke tas. Ƙanwata har da hawaye don dariya.

Na uku na tace ruwan da kyalle, na bari ya huce, na rataya wani sabon iri a ciki, na rufe bakin kofin da takarda saboda ƙura (duk ƙurar da ta faɗa ita ma iri take zama ta raba abincin), na tura ƙarƙashin gado inda ba mai taɓawa. Kwana 10 ya kai girman ƙaramin goro, garau kamar gilashi, fuska 8, sai ka ce dala biyu aka haɗa gindi da gindi, ba wanda ya goga ko ya sassaƙa, haka ƙwayoyin zarrarsa ke jeruwa. A nan na fahimci manyan kiristal na kogon Naica da ke Meziko da aka gano a 2000, masu tsawon sama da mita 11, ruwa ne mai zafi kusan digiri 58 ya zauna musu ba canji na dubban ɗaruruwan shekaru.

Malamarsu dai sai da ta tambaye ta ko a kasuwa muka sayo, Mama kuma ta ce kofin nan kar ya sake komawa kicin ɗinta.