Kaskon ƙarfe: sai da na sayi na bogi kafin na iya zaɓe

Sinasir ne ya tura ni neman kaskon ƙarfe. Kaskon da nake da shi irin mai baƙin shafen nan ne da abinci ba ya kamawa, shekara biyu kacal shafen ya fara ɓarewa, ina tsintar baƙi-baƙi a gindin sinasir. Da na kai ƙorafi wurin Goggona, mai sana'ar waina fiye da shekara talatin, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta nuna tandarta da tsinken juyi ta ce, "Wannan ta girme ki. Je ki nemo ƙarfe."

Na shiga kasuwar Sabon Gari da ƙarfin gwiwata. Wani mai kayan kicin ya miƙo mini kasko baƙi wuluk, yana sheƙi, ya ce, "Hajiya, wannan har jikokinki." Na biya ban ko taya sosai ba. A wanki na uku baƙin ya fara bin soso, fari ya bayyana a ƙasa. Ashe irin zubin nan ne da muke kira dalma, wato alminiyam, aka bi shi da fenti. Goggo ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta aiki jikanta ya ciro mata mayen ƙarfe daga wata tsohuwar rediyo. Ta manna a tandarta, ya kama caf. Ta manna a kaskona, ya zame ya faɗi ƙasa.

Tun ranar ba na zuwa sayen kasko ba da mayen ƙarfe a jaka ba. Sai dai shi kaɗai bai isa ba, domin yana kama kaskon ƙosai ma, wanda maƙera ke bugawa daga fallen ƙarfe. Shi wancan siriri ne, an lanƙwasa shi da guduma, hannayensa kuma walda aka yi musu ko aka ɗaure da ƙusa. Na zubi kuwa, wanda nake nema, narkar da ƙarfen ake yi a zuba a cikin ƙirar yashi, saboda haka jikinsa da mariƙinsa abu ɗaya ne, ba mahaɗi, kuma yana da kauri. Kaurin nan shi ne amfaninsa. Yana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ba ya saki da wuri, ko kin zuba ƙullu mai sanyi ko tsokar nama ba ya hucewa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ƙarfen zubi yana fashewa. Akwai sinadarin kabon a cikinsa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, wanda ke sa shi tauri amma ba ya lanƙwasuwa. In ya faɗo a kan siminti ba ya lotsewa kamar na alminiyam, tsagewa yake yi. Tsagar kuma takan yi siririya kamar gashi, ta ɓuya a ƙarƙashin baƙi. Don haka nakan rataya kaskon a yatsa ta hujin mariƙinsa, in ƙwanƙwasa gefensa da cokali ko mukulli. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai ɗan tsawo kamar ƙararrawa. Mai tsaga ƙwas yake yi ya yi shiru. Na taɓa yin haka a wurin 'yan gwanjo, mai kayan ya ce, "Hajiya, ko dā can maƙera ne a gidanku?" Na ajiye masa kayansa, domin wurin da mariƙi ya haɗu da jiki a tsage yake, kuma nan ne duk nauyin ke sauka in an ɗaga shi cike da mai mai zafi.

Bayan kunne sai ido. Ki ajiye shi a kan tebur ko tayil, ki danna gefe da yatsa. In yana rawa, gindinsa ya kumbura, mai zai riƙa taruwa a gefe guda, sinasir ya fito rabi da kauri rabi kamar takarda. A kan gawayi ko icce abin da sauƙi, amma a kan na lantarki mai shafaffen kai wahala ce zalla. Tsatsa kuwa ba ta ba ni tsoro in ta sama ce, soson ƙarfe da mai suna gamawa da ita. Wadda nake gudu ita ce wadda ta ci ƙarfen ta bar ramuka. Haka kuma tsohon kasko in na ga wani abu toka-toka ya daskare a cikinsa, ba na saye ko kyauta ne, domin akwai masu narka dalma ta gaske, ba alminiyam ba, irin ta cikin batirin mota, a irin wannan kaskon, ita kuma guba ce.

Sai maganar nauyi, inda ni da maigida muka saɓa. Shi yana ganin mafi nauyi shi ne mafi kyau. Ni da zan riƙa ɗagawa kullum na ce a'a. Mai faɗin inci 12 yana kai kilo 3 da rabi tun ba a zuba komai ba, mai inci 10 kuma kilo 2 da 'yan kai. Ki ɗaga da hannu ɗaya a gaban mai kaya, ki karkata shi kamar za ki juye mai. In wuyan hannunki ya yi rawa, to wannan kaskon ƙarƙashin gado zai ƙare tare da kayan gara. In lallai babban kike so, ki nemi mai ɗan kunne a ɗaya gefen don kamawa da hannu biyu.

Wanda na ƙare da shi mai inci 10 ne, ƙirar Lodge, kamfanin da ke garin South Pittsburg a jihar Tennessee ta Amurka tun 1896. A gwanjo na same shi, da tambarin a gindinsa. Cikinsa da ɗan kaushi kamar an yayyafa yashi, haka yawancin na zamani suke fitowa, tsofaffin ƙira ne aka fi gogewa sumul. Da farko kaushin ya dame ni, amma bai hana komai ba. Na ga masu shafen tangaran irin na Le Creuset na Faransa, su ba sa tsatsa kuma suna jure miyar tumatir, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihuna, kuma shafen yana ɓantalewa. Ba ni da zuciyar ɗora irinsu a kan kurfoti.

Da na kawo shi gida na goge tsatsar, na wanke, na busar a kan wuta. Na shafa man gyaɗa ciki da baya, sannan na goge da tsumma kamar ban so na shafa ba, domin in man ya yi yawa danƙo yake yi. Na kifa shi a kan garwashi har hayaƙi ya ɗauke, na bari ya huce, na maimaita sau huɗu. Man ne ke ƙonewa ya zama baƙar fata mai santsi a jikin ƙarfen. Satin farko albasa da ƙwai da dankali kawai ya gani, ban bar tumatir ya kusance shi ba. Ba na jiƙa shi ya kwana, kuma ba na zuba masa ruwan sanyi yana da zafi.

Sinasir na farko ya kama, na biyu ma ya yage. Na uku na ƙyale kaskon ya yi minti biyar a kan wuta kaɗan kafin in zuba ƙullu, na rufe, da na buɗe na sa cokali a gefe sai ya taso gaba ɗayansa, gindin ja, saman duk ƙananan huji. Na naɗe guda biyar a kwano na aika wa Goggo. Yaron ya dawo da kwanon wayam, ya ce wai a gaya mini yis ya ɗan yi yawa, kuma ranar Juma'a in aiko mata da kaskon za ta yi baƙi.